Ranar da Hajja Ta Kashe Mukayyif

A shekarata ta huɗu a Jidda na yi yawon neman taimako saboda ɓeraye. Na san yadda maganar take a kunne, shi ya sa na daɗe ban ba kowa labarin ba. Umra na zo, kamar yadda da yawanmu muka zo, na ƙi komawa, na samu aikatau a gidan wasu Larabawa a unguwar Safa. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka ko motar 'yan sanda na hango daga nesa sai in canza hanya. Kwana kuwa a unguwar Bagdadiyya nake yi, a wani tsohon bene, ɗaki ɗaya ni da wata dattijuwa da kowa ke kira Hajja.

Hajja Bahaushiyar Sudan ce. Can aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma in tana magana sai in riƙa jin kalmomin da rabona da su tun kakata na da rai. Mijinta direba ne, ya rasu, ba su haihu ba. Ta yi shekaru tana shara a wata makarantar kuɗi, kuma a can ta gamu da abin da ya zame mata jarabta. 'Ya'yan masu hali sukan sa a saya musu ɓeran Masar a shagon dabbobi, su yi wasa da shi wata biyu, su gaji. Da hutun bazara ya zo, ko iyayen za su bar ƙasar gaba ɗaya, sai a ajiye kejin kusa da kwandon shara a yi gaba. Hajja ta tsinci na farko a bayan makarantar, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Daga nan masu gadin gidaje suka gane ta, suka riƙa kawo mata su a kwali. Lokacin da na tare a ɗakinta sun haura talatin.

Wasu sun zo da farata sun nannaɗe har sun shige tafin ƙafa. Wasu ƙazuwa ta cinye musu gashi, akwai wani da haƙoransa suka yi tsawon da ba ya iya cin komai sai ta dama masa. Ta haɗa musu akwatunan katako na 'yan kayan miya da waya, maza daban, mata daban. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Ya binti, 'yata, waɗanda aka riga aka haifa ma ban iya da su ba, in ƙaro wasu?"

Da farko haushi suke ba ni. A garinmu kawuna yana kiwon su a lungun madafa, in an yi baƙo a kama biyu a yanka. Ranar da na faɗa wa Hajja haka, har da cewa naman da daɗi, wuni ta yi ba ta kula ni ba. Amma a gidan aikina ana zubar da ɓawon kokwamba da ganyen latas kamar ba a san zafin nema ba, sai na fara tattarowa a leda. Ba a yi wata ba suka gane takuna. Tun ina matattakala za su kaure da fito gaba ɗaya. Ni da na bar 'ya'ya biyu a hannun mahaifiyata, na yi shekara huɗu ba wanda ke murnar dawowata daga aiki, wannan fiton ya shiga raina fiye da yadda nake so in yarda.

A shekarun baya, in zafi ya shigo, Hajja takan shigo da su ɗakin kwananmu inda akwai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. A wannan shekarar maƙwabta suka kai ƙara saboda wari. Haris, mai gadin benen, ya zo ya ce mai gida ya hana, ko dabbobi su fita ko mu fita. Iyakar alfarmar da ya yi mana, ya buɗe wani ɗan ɗakin ajiya a saman bene, kusa da tankin ruwa, mai rufin kwano. Wanda bai zauna Jidda ba ba zai gane ba. Zafin can ba na rana kaɗai ba ne, iskar ce take jiƙe, numfashi ma sai ka yi da gaske. Ɓeran Masar kuwa ba ya jure zafi ko kaɗan. Sai ka ga ya miƙe a ƙasa, yawu na zuba, kunnuwa sun yi ja, kafin la'asar ya tafi.

Muka jiƙa buhuna muka rataya. Muka daskarar da ruwa a robobi muka jera musu, kafin azahar ya narke ya koma ruwan ɗumi. A mako guda muka rasa huɗu. Hajja takan naɗe kowanne a tsumma, ta sauka da shi da kanta.

Akwai wani mutumin Damagaram a unguwar Khumra da ke gyaran mukayyif. Na je na same shi a cikin tulin ƙarafa, ya nuna mini wani tsoho na taga, ya ce yana aiki lafiya. Da na faɗa masa abin da za a yi da shi ya ajiye sukundireba ya dube ni.

"Ɓera? Ɓera za a sa wa kilim?" Haka suke kiran mukayyif a ƙasarsu.

"Malam, ko za ka sayar ko ba za ka sayar ba?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Bon, ki kawo kuɗin injin. Ɗaurawa kyauta, don in je in gani da idona."

Kuɗin ba wani mai yawa ba ne a wurin masu shi, amma a wurinmu ya yi nisa. Albashin Hajja a ciyawar barsim da kokwamba yake ƙarewa. Nawa kuma kafin ya shigo hannuna an riga an san inda za shi a gida. Hajja ba ta iya roƙo ba, ko gishiri ne ya ƙare gara ta ci lami. Ni ce mai baki, sai na ce ta bar mini.

Ba zan iya tsayawa a bakin masallaci ko kasuwa ba. Mace baƙa, ba takarda, tana miƙa hannu, wannan kai tsaye ne zuwa gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Sai dai in bi mutanenmu. Na fara da uwar ɗakina a Safa, suna haɗa akwatunan tafiya hutu. Ta saurare ni da rabin kunne, ta ce haram, masakin, wato Allah sarki, ta miƙo mini tsohon tawul. Na je wani suna a unguwarmu, na jira aka ci aka sha, na buɗe baki. Ban kai ƙarshe ba ɗakin ya ɗauki shewa. Wata ta ce, "Mu da muke kwana da fanka, ɓera ne zai sha sanyi?" Wata ta ce in na gama da ɓeraye in zo in tara wa kyankyasan ɗakinta. Na yi musu bayanin ladan tausayin dabba, suka ce sun ji, Allah ya ba da lada.

Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsu ba. Mu a can in an ce karo-karo, to gawa ce za a yi wa sutura, ko wata aka kama aka bar 'ya'yanta ba mai ba su abinci. Kowace macen da ke ɗakin nan akwai bakunan da ke jiran ta a gida. Na dawo da abin da bai kai kuɗin motata ba, na tarar an sake rasa biyu.

Ranar Juma'a da la'asar muke taron adashi a ɗakin wata mai sayar da abinci da muke kira Gwaggo. Ita ce uwar adashin, mace mai jiki da murya, ba a yi mata musu. Na je ne da niyyar ba zan sake tayar da maganar ba, amma labarin sunan ya riga ni isa. Gwaggo ta ce, "Ke, zo nan. Ɓerayen nan da ake ta yi miki dariya, guda nawa ne?"

Na faɗa mata.

"Na Masar ne? Masu ƙiba ɗin nan?"

"Su ne, Gwaggo."

Ta gyara zama. "To ai ke ce ba ki iya magana ba. Kiwo ne ke nan. Ki ce kiwo kuke yi kuna neman masu sa hannu."

Duk wadda ta tashi a ƙauye ta san wannan. Kina da 'yan kuɗi, ba ki da wurin ɗaure akuya, sai ki saya ki ba wata ta kiwata miki, in ta haihu ku raba 'ya'ya. Ba takarda, ba shaida, kowa ya san ƙa'ida. Ɓeran Masar kuma kowa ya san yadda yake haihuwa. Nan take na ga fuskoki sun canza. Mata suka fara tuna rabon su da farfesunsa, wata na cewa da ɗan yaji da daddawa, wata na cewa ai soyawa ya fi.

A gefe akwai wata 'yar garinmu da nake kira Yaya, don ta girme ni kuma unguwarmu ɗaya a gida. Mijinta gadi yake yi a wani sito a Khumra. 'Yarta ɗaya, mai shekara bakwai, tana da sikila, kuma da yake ba su da takarda, asibiti sai na kuɗi, sai kuma in ciwon ya kai intaha. Yaya ba ta cika magana a taro ba. Ranar sai ta ce, a hankali, kakarta takan ce romon ɓeran Masar yana ƙara jini, ta daɗe tana neman inda za ta samu. Ta kwance bakin mayafinta tun kafin kowa.

"Kiwo ne da gaske?" Ni ta kalla.

Na san maza daban suke, mata daban. Na san Hajja. Na kuma san cewa da safen nan na ɗaga wata 'yar fara mai baƙin kunne na ji jikinta ya saki. Na ce, "E, Yaya, kiwo ne."

Mata tara suka sa hannu. Kafin a kira magariba kuɗin mukayyif sun cika. A hanya na riƙa gaya wa kaina cewa in zafi ya wuce zan san dabarar yi, zan riƙa mayar musu kaɗan-kaɗan, ko in ce annoba ta shiga. Da na isa na ce wa Hajja sadaka ce matan adashi suka haɗa. Ta sa na lissafo mata su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga hannu tana yi wa kowace addu'a, da iyayenta da 'ya'yanta. Ina zaune ina cewa amin.

Mutumin Damagaram ya zo ya fasa bango ya ɗaura, haris ya ja mana waya daga mitarmu. Da injin ya tashi, ya yi ƙara kamar tsohuwar motar haya, sanyi ya fara sauka, sai ga waɗanda suka yi kwanaki a miƙe sun ɗaga kai. Wani ya tashi ya yi ɗan tsallen nan nasu na jin daɗi. Mai gyaran ya cire hula ya ce shi dai yau ya ga abin da zai ba da labari in ya koma gida. Mako biyar ba mu rasa ko ɗaya ba. Hajja har ƙiba ta yi.

Ranar wata Talata, wajen ƙarfe goma na safe, ina saman bene ina wanke akwatuna, don masu gidan aikina ba su dawo daga hutu ba, sai na ji muryar Gwaggo a matattakala tana haki tana zagin wanda ya gina benen. Ita da mata biyu. Hajja ta tare su da murna, ta rungume Gwaggo, ta ce ga masu alheri, ta buɗe musu ɗakin su gani.

Gwaggo ta leƙa ta ce, "Masha Allah, sun yi kyau. To ina 'ya'yan?"

"Wane 'ya'ya?"

"Ba su fara haihuwa ba? To ba komai. Dama yarinyar Khumra ce jikin ya tashi, kwana uku ke nan. Uwar ta ce a taimaka a fara ba ta nata kason, ko babba ne a ba ta guda, a cire a rabonta. Mu namu ma jira."

Hajja ta juyo ta dube ni. Ban taɓa jin ƙarar mukayyif ɗin nan kamar lokacin ba.

"Ya binti, esh hada, mene ne wannan? Kason me?"

Gwaggo ce ta yi mata bayani, tiryan-tiryan, har da farfesun. Tana cikin yi ita ma ta gane ƙarya na yi musu, ta tsaya, ta juyo kaina. Wankin babban bargon da ta yi mini a saman benen nan, na tabbata har haris ya ji a ƙasa. Ta ce na mayar da su sakarkaru, na ci kuɗin marasa gata na ba ɓera. Suka sauka suna cewa sai an sake zama a kaina.

Hajja ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗakin, ta murɗa makunnin, ta zare wayar daga bango ta naɗe ta a hannu.

"Hajja, me kike yi? Rana ko tsaka ba ta yi ba!"

"Wannan ba namu ba ne."

"Zan biya su! Wallahi zan biya su, ki mayar!"

"Sai kin biya ya zama namu. Yau na matan nan ne, kuma ba don wannan suka bayar ba. Na ɗaga hannu na gode wa Allah a kan abin da aka karɓa da yaudara." Ta sa wayar a aljihun rigarta. "Ki je wurinsu, su taran. Ba a waya ba, ki je ki tsaya a gabansu ki faɗi gaskiya. Duk wadda ta ce ta bar wa dabbobin nan don Allah, halas. In sun cika tara ki zo in kunna."

Na durƙusa na riƙe ƙafarta. Na ce ta kunna, ni kuma in tafi yanzu-yanzu, ai duk ɗaya ne. Ta ce ba ɗaya ba ne. Na zari abayata na sauka da gudu.

Matan nan ba wuri ɗaya suke ba, kuma yawancinsu suna gidajen aiki da rana. Na bi su ta ƙofar baya, na tsaya a rana ina jiran wata ta fito zubar da shara. Na shiga ƙananan bas-bas, na sauka tun kafin shingen bincike na zaga ta lungu, tsoron kamu ma ya fita daga kaina. Ta farko ta yi dariya har ta zauna a dakali, ta ce dama ita ta san ƙarya nake, ta bari. Ta biyu ta ce ta bari, amma kada in ƙara gaishe ta. Wata sai da ta sa na maimaita "na yi ƙarya" sau uku a gaban abokiyar aikinta 'yar Habasha da ba ta ma jin Hausa. Na maimaita. Da za ta ce in yi rawa a titi, da na yi. Kafin magariba na samu biyar.

Na dawo na tarar da Hajja zaune a ƙasan ɗakin kwanon, jikinta sharkaf da gumi, tana yi musu fifita da yankin kwali. Ta jiƙa duk buhunan, ta hauro da ƙanƙarar maƙwabta. A bakin ƙofa akwai ƙunshin tsumma uku.

A nan na fashe. Na ce mata girman kai ne ba tsoron Allah ba. Na ce su ba su yi wa kowa ƙarya ba, me ya sa su za su biya? Na ce ita ce ke kashe su da hannunta, ga waya a aljihunta. Na faɗi maganganun da ban taɓa faɗa wa babba ba. Ba ta daina fifitar ba, hawaye na bin fuskarta, ta ce, "Saura nawa?"

"Huɗu."

"To ki yi sammako."

Washegari na samu biyu kafin hantsi. Gwaggo ce ta takwas. Tana tuƙa tuwon masu aikin gini, ta bar ni tsaye har ta kwashe, sannan ta ce, "Tsohuwar nan da gaske ta kashe injin?" Na ce tun jiya. Ta yi tsaki ta ce duk mahaukata ne mu, ta bari, in ɓace mata da gani. Har na juya ta ce, "Kin je Khumra?" Na ce yanzu za ni. Ta ce, "Da can ya kamata ki fara."

Ta yi gaskiya. Tsoro ne ya sa na bar Yaya a ƙarshe.

Ɗakinsu na bayan siton ne, an kewaye da langa-langa, fanka ɗaya tana juya iska mai zafi. Yarinyar na kwance a katifa, idanunta sun yi rawaya, ta dunƙule hannuwa a ƙirji, ko kuka ba ta da ƙarfin yi. Yaya na matsa mata ƙafafu. Gwaggo ta riga ta gaya mata komai a waya, amma na tsaya na faɗa da bakina kamar yadda aka sa ni. Ta bar ni na gama.

"Kin san kuɗin mene ne na ba ki?"

Ba ta jira amsata ba.

"Na maganinta ne na wata guda. Na ce in na sa a kiwo, kullum za ta samu romo, ba sai na jira ciwo ya tashi ba. Kin kalli idona kika ce kiwo ne."

"Yaya, ki yafe mini. Masu gidana na dawowa ƙarshen wata, zan kawo miki har da ƙari. Hanta zan saya mata, kaza, duk abin da kike so."

"Ƙarshen wata." Ta kalli yarinyar. "Ban bari ba."

"Yaya, mutuwa suke yi. Tun jiya suke mutuwa."

"Tawa fa?"

Ban yarda romon ɓera zai yi wa sikila komai ba, amma ba ni ce zan tsaya a ɗakin nan in faɗa mata haka ba, bayan abin da na yi. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ita ba ta yi ba. Can ta ce, "Ki kawo mini guda ɗaya. Mai rai, mai lafiya. Shi aka yi mini alkawari. In kin kawo, na bar sauran."

Azahar ta gota lokacin da na isa Bagdadiyya. Ƙunshin bakin ƙofa sun zama shida. A matattakala na yi tunanin in ce wa Hajja duk sun bari, ta kunna, daga baya in saci guda in kai. Wallahi na yi wannan tunanin, har na shirya fuskata. Da na gan ta a ƙasa, tana ta fifita, sai na kasa. Na faɗa mata yadda muka yi da Yaya, ban rage komai ba.

Hajja ta tambaye ni shekarun yarinyar, na faɗa. Ta tambaya ko tana iya cin abinci, na ce ban sani ba.

Sai ta dafa bango ta tashi. Ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Na zaci za ta ɗauko wanda ya riga ya galabaita, wanda ko an kunna ba lallai ya kai gobe ba, akwai su da yawa. Ta wuce su. Ta tsaya a kan wani jan namiji, mafi girma a cikinsu, wanda zafin bai kayar ba, yana zaune yana tauna barsim. Shekara uku yana hannunta. Ta ɗaga shi, ya kwanta a ƙirjinta kamar yadda ya saba.

"Hajja, ga wancan can, ai shi ma..."

"Mara lafiya za a ba. Ba a kai mata mara lafiya."

Ta ba shi ruwa a murfin roba, ya sha. Ta shimfiɗa ciyawa a kwali, ta huda ramukan iska, ta sa shi, ta rufe. Ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ki kai da kanki. Ki ce wa mijin ya wasa wuƙar sosai. Kuma ki tsaya har a gama, kada ki juya baya."

Na karɓa. Ta ciro wayar daga aljihu ta mayar a bango, amma ba ta murɗa ba. Ta zauna a gaban injin, ta ɗauki kwalin fifitarta.

"In ta karɓa ta ce ta bari, ki kira ni. Yalla, yi sauri."

Na sauka da gudu. Daga Bagdadiyya zuwa Khumra tafiya ce mai nisa, bas ɗin kuma yana tsayawa a kowace kwana. Na rungume kwalin a cinyata a ƙarƙashin abaya, ina jin motsinsa. Wata mata a kusa da ni ta buɗe ledar kayan miya, ya ji ƙarar, ya fara fito yana jiran a ba shi. Ni kuwa ina ta roƙon direba a zuciyata ya ƙara gudu.